Lissafin Ribar Hannun Jari Tsakanin Kasuwar Gida da Kasuwannin Ƙetare

A ranar ƙarshe ta ciniki a shekarar 2023, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nijeriya da ke Legas ya tsaya a kan maki 74,773, alhali kuwa ya shiga shekarar ne da maki 51,251. Ƙarin da aka samu ya kai kashi 45.9 cikin ɗari. A cikin wannan shekara kuma, ma'aunin S&P 500, wanda ke bin farashin manyan kamfanoni kimanin 500 na Amurka, ya tashi da kashi 24.2 cikin ɗari kurum. Duk wanda ya jera waɗannan alƙaluma biyu zai yanke hukunci nan take cewa ribar Legas ta kusan ninka ta Amurka. Amma Ba'amurken da ya kawo dalarsa Legas a farkon shekarar ya koma gida da asarar fiye da rubu'in dukiyarsa, shi kuwa ɗan Nijeriyar da ya kai nairarsa Amurka ya tarar ta ninka har da ɗoriya. Babu ƙarya a ko ɗaya daga cikin alƙaluman. Abin da ya raba su lissafi ne wanda bai fi ƙarfin ɗalibin aji uku na sakandare ba, ko da yake manya da yawa sun yi asarar dukiya saboda rashin yin sa.

Hannun jari da ma'auninsa

Hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Idan kamfani ya kasa kansa kashi miliyan ɗaya, wanda ya sayi kashi dubu ya mallaki ɗaya bisa dubu na masana'antarsa da motocinsa da ribarsa, haka nan kuma da asararsa. Ta hanya biyu mai hannun jari ke samun amfani. Ta farko ita ce tashin farashi, wato ya saya a naira 20 ya sayar a naira 26. Ta biyu ita ce rabon riba, wato abin da kamfani ke ɗiba daga ribar da ya ci ya raba wa masu hannun jari a ƙarshen shekara ko a tsakiyarta.

Tun da yake kamfanoni suna da yawa, kuma a rana guda wannan na hawa wancan na sauka, sai masana suka ƙago ma'auni wanda ke tattara farashin kamfanoni da dama ya mai da su lamba ɗaya. Ma'aunin Legas an fara shi ne ranar 3 ga Janairu, 1984, da maki 100. Japan tana da nata mai suna Nikkei 225, Ingila kuma tana da FTSE 100. Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe game da irin waɗannan ma'aunai. Na farko, galibin waɗanda ake karantawa a labarai farashi kaɗai suke aunawa, ba su haɗawa da rabon riba. Na biyu, kowane ma'auni da kuɗin ƙasarsa ake lissafa shi: na Legas da naira, na Tokiyo da yen, na Amurka da dala. Saboda haka kwatanta su kai tsaye daidai yake da kwatanta amfanin manoma biyu ta hanyar ƙirga mudu, ba tare da an tambaya ko mudun nasu girmansu ɗaya ba. Ga shi kuma mudun ɗaya daga cikinsu yana ta ƙanƙancewa tun daga shuka har girbi.

Tafiyar dala dubu ɗaya

A ɗauka wani mai zuba jari daga Amurka ya zo da dala 1,000 a ƙarshen 2022. Ba a sayen hannun jarin Legas da dala, don haka tilas ya fara yin canji. A lokacin dala ɗaya tana kan kimanin naira 461 a kasuwar canji ta hukuma, saboda haka sai ya karɓi naira 461,000, ya zuba su a kamfanonin da ke cikin ma'auni. Kasuwa ta yi albarka, jarinsa ya ƙaru da kashi 45.9 cikin ɗari:

461,000 × 1.459 = naira 672,600

A takarda ya ci ribar naira 211,600. Sai dai a tsakiyar shekarar, ranar 14 ga Yuni, Babban Bankin Nijeriya ya haɗe hanyoyin canji daban-daban da ake da su, ya kuma sassauta riƙon da yake yi wa farashin naira. Kafin shekara ta ƙare, dala ɗaya ta kai naira 907. Shi kuwa mai jarin nan da dala yake biyan hayar gidansa da kuɗin makarantar 'ya'yansa, don haka dole ya sake yin canji:

672,600 ÷ 907 = dala 742

Ya shigo da 1,000 ya fita da 742, wato asarar kusan kashi 26 cikin ɗari, a shekarar da ake ta murnar cewa kasuwa ta yi kyau.

Yanzu a juya tafiyar. Ɗan Nijeriya ne ya ɗauki naira 461,000 ya sayi dala 1,000, ya zuba a kamfanonin S&P 500. A ƙarshen shekara suka zama dala 1,242, waɗanda idan aka canza su a kan 907 za su ba da kimanin naira 1,126,500. Ribarsa ta kai kashi 144 cikin ɗari. A lura cewa ƙoƙarin kamfanonin Amurka kashi 24 kawai ya ba shi; ragowar duk ta zo ne ta dalilin faɗuwar naira. A nan akwai gyara da ya wajaba a yi don kada misalin ya yaudari mai karatu. Mutane ƙalilan ne suka iya samun dala a kan 461 a wancan lokaci. Yawancin masu nema sai da suka je kasuwar bayan fage, inda take wajen naira 740 a ƙarshen 2022, ta kuma kai wajen 1,200 a ƙarshen 2023. Idan aka yi lissafin da waɗannan, ribar za ta sauko zuwa kimanin kashi 100 cikin ɗari. Har yanzu riba ce babba, amma ta nuna cewa wanda ya ce "farashin dala" sai a tambaye shi wanne yake nufi.

Daga waɗannan misalai biyu ƙa'ida ta fito. Ga baƙon da ya shigo da dala:

riba da dala = (1 + ribar kasuwa) × (tsohon farashin dala ÷ sabon farashin dala) − 1

wato 1.459 × 0.508 − 1 = −0.259.

Akwai kurakurai biyu da ɗalibai kan faɗa cikinsu a wannan gaɓa, kuma ba ɗalibai kaɗai ba. Na farko shi ne haɗa tashin dala da faɗuwar naira a mai da su abu ɗaya. Daga 461 zuwa 907, dala ta tashi da kashi 97 cikin ɗari, amma naira da kashi 49 ta faɗi, domin abin da naira ɗaya ke saye na dala ya koma rabi ne, bai ƙare gaba ɗaya ba. Kuskure na biyu shi ne yin ɗebewa a inda ya kamata a yi sau. Wanda ya ce 45.9 a ɗebe 49.2 zai samu asarar kashi 3 kacal, alhali asarar gaskiya kashi 26 ce. Dalili kuwa shi ne faɗuwar naira ba uwar kuɗi kaɗai ta ci ba, ta ci har da ribar da aka samu a kanta. Idan alƙaluman ƙanana ne, kamar kashi 2 da kashi 3, ɗebewa tana ba da amsa ta kusa da daidai, shi ya sa ake sabawa da ita. Da zarar sun girma sai ta ɓatar da mai lissafi.

Wanda ya zauna a gida

To, ina labarin ɗan Nijeriyar da bai je ko'ina ba, ya zuba naira a Legas kuma naira zai kashe? Shi babu ruwansa da layin canji, amma yana da nasa mai cin rabo, wato hauhawar farashin kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 28.9 cikin ɗari a matsayin hauhawar farashi daga Disambar 2022 zuwa Disambar 2023. Ribar ainihi ita ce abin da ya rage bayan an raba:

1.459 ÷ 1.289 = 1.132

Wato ƙarfin sayensa da kashi 13 ya ƙaru, ba 46 ba. Ba'amurken da shi ma ya zauna a gida ya fuskanci hauhawar kashi 3.4, don haka ribarsa ta ainihi ta kai wajen kashi 20. Ashe ko a tsakanin mazauna gida biyu, mai ƙaramar lamba ne ya fi samu. Shekarar 2024 ta maimaita darasin: ma'aunin Legas ya tashi da kashi 37.65 ya haura maki 102,900, dala ta kai wajen naira 1,535, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8. Baƙo ya yi asarar kimanin kashi 19 da dala, ɗan gida kuwa ya tsira da ribar ainihi ta kashi 2.

Ba haɗuwa ce ta kwatsam ba a ga farashin hannun jari na tashi a daidai lokacin da kuɗin ƙasa ke faɗuwa. Masana'antar siminti da injinanta dukiya ce ta zahiri, idan naira ta ƙanƙance sai yawan nairorin da ake auna ta da su ya ƙaru. Haka kuma masu ajiya kan gudu daga kuɗin da ke narkewa su fake a hannun jari. Amma kamfanoni ba su shan abin daidai wa daida. Bankunan da ke riƙe da kadarori na dala sun bayyana riba mai yawa a 2023, yayin da kamfanonin da ake bi bashin dala suka ji jiki. MTN Nigeria, alal misali, ya bayyana asarar naira biliyan 137 a shekarar.

Idan aka miƙa zaren zuwa shekaru arba'in, abin ya fi ba da mamaki. Daga maki 100 a 1984 zuwa fiye da 102,900 a ƙarshen 2024, ma'aunin Legas ya ninka sau dubu. S&P 500 a wannan tsawon lokaci ya tashi daga kimanin 165 zuwa 5,881, wato sau 35 kurum. Amma a 1984 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, tana wajen kwabo 76 a hukumance. Idan aka mai da ma'aunin Legas dala, ya fara da kimanin 131 ya ƙare da kimanin 67. Wannan lissafi yana da gurguntaka biyu da adalci ya sa a faɗe su. Bai haɗa da rabon riba ba, wanda in an tara shi shekara arba'in ba ƙaramin abu ba ne. Sannan farashin naira na 1984 farashi ne da hukuma ta ɗaure shi sama da ƙimarsa, kuma baƙi ba su samu cikakkiyar damar shiga kasuwar ba sai bayan dokokin 1995 da suka ɗage shingayen da aka kafa tun dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. Duk da haka, ninkin dubu da ya koma ƙasa da inda aka faro ya isa ya sa mutum ya riƙa tambayar da wane kuɗi aka auna kafin ya yi tafi.

Ƙetare ma ba tudun mun tsira ba ne

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa kasuwar waje kullum ita ce mai nasara, ko kuma canjin kuɗi kullum baƙo yake cuta. Japan ta isa misali. A ƙarshen 1989 kasuwar Tokiyo ita ce mafi girma a duniya, tana riƙe da wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙimar hannun jarin duniya baki ɗaya. Ranar 29 ga Disamba na shekarar, Nikkei 225 ya rufe a kan maki 38,915. Daga nan sai gangara. A ƙarshen 1994 yana kan 19,723, wato Bajapane ya yi asarar kusan rabin jarinsa. Amma a cikin waɗannan shekaru biyar yen ta yi ƙarfi, dala ta sauko daga wajen yen 143 zuwa wajen 100. Ba'amurken da ya zuba jari a can, idan ya yi amfani da ƙa'idar da aka bayar a sama, zai ga 0.507 × 1.43 = 0.725, wato asarar kashi 27 zuwa 28. A wannan karo canji ya rage masa raɗaɗi ne. Ma'aunin ya ci gaba da tangal-tangal har ya taɓa 7,054 a watan Maris na 2009, kuma bai sake haura matsayinsa na 1989 ba sai ranar 22 ga Fabrairu, 2024. Yaron da aka haifa ranar da kasuwar ta kai ƙololuwa ya cika shekara 34 kafin ta farfaɗo.

Ita kanta Amurka tana da nata zamanin fari. Daga 2000 zuwa 2009, wanda ya riƙe S&P 500, ko da an haɗa masa da rabon riba, ya fita da asarar kimanin kashi 9, yayin da kasuwannin ƙasashe masu tasowa, irin su Brazil da Indiya da Sin, suka ninka fiye da sau biyu da dala. Masu jari da yawa suka bi yayi suka karkata can. Sai reshe ya juye da mujiya: daga 2010 zuwa 2019 jarin Amurka ya ninka fiye da sau uku, na ƙasashe masu tasowa kuwa ƙarinsa bai kai kashi 50 ba. Wanda ya zaɓi shekarar farawa da ta ƙarewa yadda ya ga dama zai iya nuna cewa kusan kowace kasuwa ce gwana.

Wasu masana uku na Ingila, Elroy Dimson da Paul Marsh da Mike Staunton, sun tattara alƙaluman kasuwanni tun daga 1900. A wancan lokaci Ingila ce kan gaba da wajen rubu'in kasuwar duniya, Amurka tana da wajen kashi 15. Rasha da Sin ma suna da kasuwanninsu, amma juyin juya halin 1917 ya shafe jarin da ke Rasha ƙaf, na 1949 kuma ya yi wa na Shanghai haka. Kwatancen da ya ƙirga kasuwannin da suka rayu kaɗai, ya manta da waɗanda suka mutu, zai nuna riba fiye da wadda mai jarin 1900 ya samu a zahiri.

Haraji da ƙofar fita

Akwai abubuwan da ƙa'idar lissafi ba ta nunawa. Ɗaya shi ne haraji. Amurka tana cire kashi 30 cikin ɗari daga rabon ribar da ake biyan baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita. A Nijeriya abin da ake cirewa a 2023 kashi 10 ne. Sai ladan dillali, da kuma tazarar da ke tsakanin farashin sayen dala da na sayar da ita, wadda baƙo ke biya sau biyu, shiga da fita.

Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne ko ƙofar fita a buɗe take. Daga 2020 zuwa 2023 ƙarancin dala ya sa baƙin da suka sayar da hannun jarinsu a Legas suka yi ta jira wata da watanni kafin su samu canji, nairorinsu na zube suna rage daraja. Wannan ne ya sa kamfanin FTSE Russell ya cire Nijeriya daga rukunin ƙananan kasuwanni masu tasowa a watan Satumba na 2023, kamfanin MSCI ma ya ware ta gefe guda daga ƙarshen Fabrairun 2024. A Rasha kuwa, bayan ɓarkewar yaƙi da Yukiren a Fabrairun 2022, an rufe cinikin hannun jari a Mosko kusan wata guda, aka kuma hana baƙi da yawa sayarwa. MSCI ya cire kamfanonin Rasha daga ma'aunansa a kan farashin da bai bambanta da sifili ba. Ɗan Rasha na ganin farashi a allo, amma ga baƙon da ba zai iya sayarwa ba, farashin ba shi da amfani.

Son gida da hikimar rarrabawa

A 1991 wasu masana tattalin arziki, Kenneth French da James Poterba, suka nuna cewa a ƙarshen 1989 Amurkawa sun ajiye kimanin kashi 94 na jarinsu a gida, mutanen Ingila kashi 82, Japanawa kuwa kashi 98. A duba wannan lamba ta ƙarshe tare da shekararta: Japanawa sun tara kusan komai nasu a gida a daidai jajiberin faɗuwar da aka bayyana a sama.

Son gida yana da hujjarsa. Mutum ya fi sanin kamfanonin da yake ganin kayansu a kasuwa, kuma wanda zai kashe kuɗinsa da fam ko dala yana ƙara wa kansa haɗarin canji in ya fita waje. Amma hujjar tana raunana idan kasuwar gida ƙarama ce kuma kuɗin gida ba shi da tabbas. A ƙarshen 2023 ƙimar dukan hannun jarin Legas ta kai kimanin naira tiriliyan 41, wato wajen dala biliyan 45, abin da bai kai ɗaya bisa dubu na kasuwar duniya ba. Kamfanoni biyar kacal, Airtel Africa da MTN Nigeria da Dangote Cement da BUA Foods da BUA Cement, su ke riƙe da fiye da rabin wannan ƙima. Mai albashin naira, mai gida da fili a Nijeriya, idan ya ƙara da hannun jarin naira, to duk dukiyarsa ruwa ɗaya take jira.

Harry Markowitz ne ya ba wannan tunani siffar lissafi a 1952, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1990. Ya nuna cewa haɗa kadarorin da ba su hawa da sauka tare yana rage tangal-tangal ɗin dukiya ba tare da ya rage matsakaiciyar riba ba. Manomin da ke da gona a tudu da wata a fadama ya san wannan tun kafin a rubuta shi: shekarar fari fadama ta cece shi, shekarar ambaliya tudu ya rufa masa asiri. Sai dai akwai shekarar da fara ke cinye duka biyun. A 2008 ma'aunin Amurka ya faɗi da kashi 38, na Tokiyo da kashi 42, na Legas da kusan kashi 46. Rarrabawa tana kare mutum daga masifar ƙasa ɗaya, irin ta Japan bayan 1989 ko ta naira a 2023, amma kariyarta kaɗan ce a ranar da duniya ta girgiza gaba ɗaya.

Aikin aji

A shekarar 2022 ma'aunin BIST 100 na kasuwar Istanbul ta ƙasar Turkiyya ya tashi daga maki 1,858 zuwa 5,509. A cikin shekarar dala ta tashi daga kimanin lira 13.3 zuwa 18.7, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 64.3 cikin ɗari a alƙaluman hukuma. S&P 500 kuwa ya faɗi da kashi 19.4. Ɗalibai su lissafa ribar kasuwar da lira, da ribar ainihi ta Baturken da ya zauna a gida, da ribar Ba'amurken da ya kai dala 1,000 Istanbul, sannan da abin da Baturken da ya kai lira 13,300 Amurka ya dawo da shi, kafin cire hauhawar farashi da kuma bayan cire ta.